MARIGAYI ALHAJI ADAMU ƊAN MARAYA JOS: MAI TSIRKIYA ƊAYA, MAWAƘIN TALAKAWA

 

Kamar yadda masu karatu suka saba gani, wannan mujalla tamu takan keɓe 'yan shafuka a kowace shekara domin tunawa da wani bawan Allah da ya riga mu gidan gaskiya, wanda kuma ya bar abin da za a yi koyi da shi. A mafi yawan lokuta malami ne, ko basarake, ko wani attajiri da ya yi wa jama'a hidima. A bana mun ɗan kauce wa wannan turba, mun ɗauko makaɗi, makaɗin ma ba ɗan ƙasar Tsanyawa ba, kai ba ma ɗan Jihar Kano ba. Na san ba za a rasa dattijon da zai karanta kan wannan maƙala ya ce ina ruwan biri da gada ba. To, ina roƙon a yi mini uzuri a biyo ni sannu a hankali.

Duk wanda ya taɓa tsayawa da sassafe a bakin titin nan da ya taso daga Kano ya bi ta Bichi ya ratsa garinmu ya nufi Katsina, musamman bayan an gama kaka an kai gero da dawa rumbu, ya ga samarinmu na Dumbulum da 'Yankamaye da Gurun da sauran ƙauyuka, kowa da 'yar jakarsa, suna jiran motar da za ta kai su cin rani. Ya kuma ga yaron nan da yake rataye a ƙofar mota yana kiran fasinja har muryarsa ta dushe. Waɗannan bayin Allah ba su da sarauta, ba su da dukiyar da za ta sa maroƙi ya bi su. Amma an yi wani mutum guda da ya ɗauki kusan shekara hamsin yana yi wa irinsu waƙa, har duniya ta san da zamansu. Wannan shi ne abin da ya haɗa mu da Ɗan Maraya Jos.

HAIHUWARSA A GARIN KUZA

An haifi Adamu Wayya a shekarar 1946 a Bukuru, wani gari da ke kudu da Jos kaɗan. Ba za a fahimci Ɗan Maraya ba sai an fahimci irin garin da ya buɗe ido a cikinsa. Bukuru tana ƙasar Birom ne, amma abin da ya raya ta ya cika ta da jama'a shi ne haƙar kuza. Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dirar wa tsaunukan Filato suna tonon wannan ma'adini, har aka shimfiɗa wata siririyar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya wadda ta isa Bukuru a 1914 domin kwasarsa. Aikin kuza kuwa aiki ne na diga da shebur da kwano a ka, saboda haka yana bukatar hannuwa masu yawa. Hannuwan nan daga ƙasashen Kano da Katsina da Sakkwato da Zazzau da Bauchi da Barno suka riƙa kwararowa, wasu don neman kuɗin haraji, wasu don neman kuɗin aure.

Akwai kuma waɗanda ba da son ransu suka je ba. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, bayan da Japan ta ƙwace ƙasar Malaya a 1942, wadda daga can ne Ingila take samun mafi yawan kuzarta, sai Turawan mulki suka juyo kan Filato, suka ɗora wa lardunan Arewa aikin tilas. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar talakawa daga ƙauyuka ana kai su ramukan kuza, inda tsananin sanyin dutse da ƙarancin abinci suka hallaka da dama daga cikinsu. Shekara biyu bayan an daina wannan ɗiba aka haifi Adamu. Ke nan ya tashi ne a tsakiyar leburori da 'yan dako da direbobi da masu sayar da abinci, mutanen da kowannensu ya baro gida a wani wuri mai nisa.

Mahaifinsa, Malam Wayya, mutumin ƙasar Sakkwato ne, kuma makaɗi ne a fadar Sarkin Hausawan Bukuru. Allah bai nufi ɗan ya san uban ba, domin kuwa ba a daɗe da haihuwarsa ba mahaifin ya rasu, ita ma mahaifiyar ta bi shi tun yaron yana jariri. Sarkin Hausawan Bukuru ne ya ɗauke shi ya riƙe shi a gidansa. Daga nan sunan Ɗan Maraya ya samo asali.

A nan ya kamata a ɗan dakata. A ƙasar Hausa maraici abu ne da ake tausayawa, amma ba abu ne da mutum yake so a riƙa tuna masa ba. Da yawa idan Allah ya ɗaukaka su sukan yar da laƙabin ƙuruciya su nemi wani mai armashi. Shi Adamu bai yi haka ba. Ya riƙe sunan nan har ya shiga gaban shugabannin ƙasa da shi, har ya ƙetare teku da shi, har aka kai shi kabari da shi. A ganina wannan kaɗai ya isa ya nuna wa mai hankali ɓangaren da mutumin nan ya zaɓa ya tsaya.

YADDA YA HAƊU DA KUNTIGI

Tun yana ƙarami sha'awar kiɗa ta bayyana a gare shi, ya riƙa raɓar makaɗan da ke garin yana saurare. Sai dai bai gaji kayan kiɗan fada irin na mahaifinsa ba. Wata tafiya ce da ya yi zuwa Maiduguri, tun bai gama zama saurayi ba, ta sauya masa hanya. A can ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, ya zauna ya haɗa nasa da hannunsa. Bai sake rabuwa da shi ba har ƙarshen rayuwarsa.

Ga 'yan baya da ba su taɓa ganin kuntigi ido da ido ba, ɗan ƙaramin abin kiɗa ne mai tsirkiya ɗaya tak. Galibi da gwangwanin kifin nan mai siffar ƙwai ake yin cikinsa, a rufe shi da fatar akuya, a soka masa 'yar sanda, a ɗaura tsirkiya daga wannan kai zuwa wancan. Shi ke nan an gama. Ɗan'uwan gurmi ne da molo da garaya, amma duk ya fi su ƙanƙanta da araha. Abin sha'awa ne a ce gwangwanin da aka shigo da shi daga Turai, aka cinye abin da ke ciki aka jefar a bola, shi ne talaka ya tsinta ya mayar da shi abin faɗar damuwarsa.

Kiɗan kuntigi kiɗa ne mai sauri. Makaɗin yakan riƙe wani ɗan gajeren zubi yana ta maimaita shi, kowace waƙa da nata zubin, ta yadda da an fara kaɗawa mai sauraro zai gane wace waƙa ce tun kafin a buɗe baki. Idan kuma ya shiga rera waƙar, sai ya riƙa karkatar da tsirkiyar tana bin muryarsa, ya hau ta hau, ya sauka ta sauka. Da ya ja numfashi sai kuntigin ya cike gurbin. A taƙaice dai kuntigin ne ɗan amshinsa.

Wannan batu na amshi shi ne babban abin da ya raba shi da sauran manyan makaɗan Hausa. Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Sarkin Taushin Katsina makaɗan fada ne, kowannensu da tawagarsa ta makaɗa da 'yan amshi da sanƙira. Alhaji Mamman Shata, duk da yake shi ba makaɗin fada ba ne, bai tafiya sai da masu kalangu da masu karɓa masa. Hatta masu kukuma irin su Garba Supa da Hassan Wayam suna da masu ƙwarya da masu amshi. Tawaga kuwa baki ce, sai an ciyar da ita, an tufatar da ita, an ɗauke ta a mota. Makaɗin da yake da baki ashirin a bayansa tilas ne ya nemi ƙofar mai abin hannu. Ɗan Maraya shi kaɗai ne, kayan aikinsa a hammata yake saƙale su. Saboda haka ya samu wani 'yanci da wasunsa ba su samu ba, wato 'yancin ya zaɓi wanda zai yi wa waƙa ko da ba shi da ko anini.

WAƘAR KAREN MOTA

Waƙar da ta fara fito da shi, wadda kuma har yau da yawa suke ganin babu kamarta a cikin waƙoƙinsa, ita ce ta Karen Mota. Mai karatu ya duba sunan sana'ar kawai ya ga matsayin da jama'a suka ajiye mai yin ta. Karen mota shi ne mai lodi da sauke kaya, shi ne mai kiran fasinja, shi ne mai dirowa da gudu ya sa weji idan gingimari ta tsaya a kan tudu. Idan taya ta yi faci shi ne a ƙarƙashin mota, idan ta ƙi tashi shi ne a baya yana turi, idan dare ya yi direba ya shiga ɗaki shi ne mai kwana yana gadin kaya, ko ana ruwa ko ana ɗari. Duk wannan wahala yana shan ta ne bisa fatan wata rana maigidansa zai miƙa masa sitiyari.

A al'adar kiɗan Hausa yabo yana da ma'abota: sarki da 'ya'yan sarki, malami, attajiri, sai kuma jarumai irin su 'yan dambe da 'yan kokawa da 'yan tauri da manoman da suka yi fice. Ɗan Maraya ya ɗauki wannan riga ta yabo, wadda aka ɗinka domin manya, ya yafa wa yaron da jikinsa duk baƙin mai ne. Bai yi masa ba'a ba, bai kuma tsaya ga tausaya masa kawai ba. Ya nuna shi a matsayin namijin duniya mai neman halalinsa. Ina tuna yadda muna yara, idan aka sako waƙar nan a akwatin rediyon mai shayi a bakin tasha, sai ka ga yaran mota sun bar abin da suke yi sun matso, ana yi musu tsiya suna dariya, amma ka san har cikin zuciyarsu sun ji daɗi. Ranar nan su ma an san da su.

Ba a nan ya tsaya ba. Ya ci gaba da yi wa masu ƙananan sana'o'i waƙa, yana zuga mai neman na kansa, yana kushe zaman banza. Ba na cewa bai yi wa manya waƙa ba, ya yi, domin shi ma maroƙi ne kuma da sana'ar yake ci. Sai dai idan aka auna, waƙoƙin da suka rayu bayansa, waɗanda har gobe ake nema, na talakawa ne da na zaman duniya.

Da yaƙin basasa ya ɓarke a watan Yuli na 1967, wanda bai ƙare ba sai a watan Janairu na 1970, Ɗan Maraya ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi masu yawa na ƙarfafa gwiwa, inda yakan siffanta abin da ke faruwa a fagen daga kamar mai sauraro yana gani. Su wane ne kuwa ƙananan sojojin nan? Akasarinsu 'ya'yan talakawa ne daga ƙauyuka da tashoshin mota, wato dai mutanensa na jiya ne suka sa kaki. A zamanin nan gidan rediyon Kaduna ne kunnen Arewa, kuma ta nan muryarsa ta shiga kowane lungu, kafin faifan garmaho da kaset su ƙarasa aikin.

ZAMAN AURE DA ZAMAN JAMA'A

Inda hikimarsa ta fi fitowa fili, a nawa ra'ayin, shi ne waƙoƙinsa na cikin gida. Da yake ba shi da 'yan amshi, sai ya mayar da muryarsa ta zama mutane da yawa. A cikin waƙa guda za ka ji miji, ka ji mata, ka ji tsohuwa mai kai-komo, kowa da irin lafazinsa, alhali baki ɗaya ne yake magana. Wasan kwaikwayo ne sosai wanda ba ya bukatar dandamali.

A Jawabin Aure ya zayyano irin ɓarnar da saki yake haifarwa, ya ja hankalin ma'aurata su daidaita tsakaninsu maimakon kowa ya kama gabansa. A Gulma Wuya ya fito da hoton magulmaciyar unguwa, mai shiga gidajen mutane da daɗin baki tana haɗa kai da boka tana kashe aure. Babu ƙauyen da ba a san irinta ba, shi ya sa idan ana jin waƙar sai ka ga mata suna satar kallon juna. Sai kuma Auren Dole, inda ya fito ƙarara ya soki iyayen da suke ɗaura wa 'ya'yansu mata aure da wanda ba sa so. A tuna fa, a zamanin da ya yi wannan waƙa maganar ba ta da farin jini a wurin iyaye maza, waɗanda kuma su ne masu sa hannu a aljihu su ba maroƙi. Ya faɗa duk da haka. Shekaru sun shuɗe, amma wanda ya zauna a zauren mai unguwa ko ƙofar kotu a yankinmu ya san cewa matsalar ba ta zama tarihi ba tukuna, har yanzu akan ji yarinya ta gudu daga ɗakin miji a makon farko.

Ya yi Ɗan Adam, kan wuyar sha'anin mutum da saurin mance alheri. Ya yi Ina Ruwan Wani da Wani, kan barin shiga sharo ba shanu. Ya yi Bob Guy, inda ya kwaikwayi ɗan gayun birni da giya ta yi wa karo. Ya kuma yi Mai Akwai da Babu, kan zaman mawadaci da matalauci.

Game da wannan ta ƙarshe, wani zai iya cewa Ɗan Maraya lallashin talaka ya yi, bai zaburar da shi ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Shi ba irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja ba ne, waɗanda suka wasa alƙalaminsu a zamanin NEPU domin a yi fito-na-fito da masu mulki. Maganarsa ba ta wuce haƙuri da neman na kai da sanin cewa mai bayarwa Allah ne ba, tare da jan kunnen mai shi kada ya wulaƙanta marar shi. To amma kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Mutumin da sarki ya raina a gidansa da wuya ya zama mai jifan fada. Abin da ya iya shi ne ya sa talaka ya ji shi ma mutum ne, kuma wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

'YAN'UWANSA NA ƘETAREN TEKU

Akwai wani abu da zai ba mai karatu mamaki. A kudancin Amurka, musamman a gonakin audugar Jihar Misisifi, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka sun ƙirƙiro wani kiɗa da suke kira buluz. Asalinsa kiɗan ƙauye ne: mutum ɗaya, da jitarsa, yana zaune a ƙofar bukka ko a tashar jirgi, yana rera damuwarsa kan bashin mai gona da wahalar aiki da matar da ta tafi da kuma doguwar hanya. Yana rerawa jitar tana amsa masa. Daga cikin mashahuransu akwai Charley Patton wanda ya mutu a 1934, da Robert Johnson wanda ya mutu a 1938 yana da shekara 27, bai bar wa duniya komai ba sai waƙoƙi 29. Akwai kuma Muddy Waters, direban tarakta a wata gonar auduga, wanda aka fara ɗaukar muryarsa a 1941, ya kuma bar ƙauye ya tafi birnin Shikago neman aiki a 1943. Ashe su ma suna da nasu cin ranin. Da yawa daga cikin makaɗan nan da tsirkiya ɗaya suka fara koyo suna yara: sukan kwance wayar da aka ɗaure tsintsiya da ita, su kafa ta da ƙusa a jikin katakon ɗaki, su tokare ta da kwalba su riƙa kaɗawa. Talauci ɗaya ne ya haifi wannan da kuntigin gwangwani.

Masana sun daɗe suna bin sawun wannan kama. Wani Baturen Ingila, Paul Oliver, ya rubuta a 1970 cewa a nemi tushen buluz a ƙasashen Sudan masu kayan kiɗan tsirkiya, ba a bakin teku inda ganguna suka fi yawa ba. Daga baya wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, a littafinsa Africa and the Blues na 1999, ya faɗaɗa maganar, ya nuna cewa salon mawaƙi shi kaɗai da abin kiɗansa na tsirkiya, da yadda yake lanƙwasa murya yana jan ta, ya fi kama da abin da ake yi a yankin da ya taso daga Mali ya bi ta arewacin Ghana da arewacin Nijeriya har zuwa Kamaru. Cikin misalan da ya kawo har da wani Bahaushe mai goge da ya ɗauki muryarsa a Kamaru a 1964. Ba ana nufin daga kuntigi buluz ya fito ba, kuma Ɗan Maraya bai koyi komai daga Amurka ba. Dangantakar ta kaka ɗaya ce, kowa ya tashi a nasa gidan.

Tunda an ambaci Mali, ba zan wuce ban faɗi Ali Farka Toure ba, makaɗin jitar nan na garin Niafunke a bakin kogin Kwara, wanda shi ma da 'yar molo mai tsirkiya ɗaya ya fara. Duniya ta san shi, ya ci lambar Grammy ta Amurka, amma ya fi son a kira shi manomi. Ya koma ƙauyensu ya zuba dukiyarsa a noman rani, aka zaɓe shi magajin gari a 2004, ya gyara hanyoyi da magudanan ruwa ya kuma samar da wutar janareta da kuɗin aljihunsa, kafin ya rasu a watan Maris na 2006. Na kawo wannan ne domin 'yan ƙungiyarmu mazauna Kano da Kaduna da Abuja da Legas. Sauran bayani na bar musu.

ƊAUKAKA DA KARRAMAWA

Da ɗan gwangwanin nan Ɗan Maraya ya zagaya ƙasashen Afirka da Turai da Amurka, sau da dama yana wakiltar Nijeriya, yana kaɗawa a gaban mutanen da ba sa jin ko kalma ɗaya ta Hausa. Gwamnatin Tarayya ta ba shi lambar girma ta MON, daga baya ta ƙara masa da OON. Ya samu lambar zaman lafiya ta Majalisar Ɗinkin Duniya, Jami'ar Jos kuma ta ba shi digirin girmamawa na dokta, kamar yadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata. Malaman jami'a sun yi nazarin waƙoƙinsa: Habib Ahmed Daba na Jami'ar Bayero ya yi bincike mai zurfi a kansa, Graham Furniss na Jami'ar Landan kuma ya yi sharhi a kan salonsa a littafinsa kan adabin Hausa na 1996. An ma yi amfani da waƙoƙinsa wajen koya wa ɗalibai Hausa a Amurka, saboda Hausarsa a fili take, ba ta da sarƙaƙiyar kirarin fada.

A shekarunsa na ƙarshe ya ga abin da bai so gani ba. Jos ɗin da ya liƙa wa sunansa, garin da a da ake misali da shi wajen zaman lafiya tsakanin ƙabilu da addinai, ya faɗa cikin rikici a watan Satumba na 2001, aka sake a Nuwamba 2008, aka kuma sake a Janairu 2010, abin da ya taɓa har Bukuru mahaifarsa. Unguwanni suka rabu, maƙwabta suka zama abin tsoro. Shi dai bai ƙaura ba. Yana daga cikin 'yan abubuwan da Bahaushe da Birom da sauran ƙabilun Filato suka ci gaba da ɗauka a matsayin nasu gaba ɗaya.

WA YA GAJE SHI?

Idan ana maganar saƙo, magadansa suna da yawa. Mawaƙan fiyano da suka taso tare da finafinan Hausa daga 1990 zuwa yau, duk wanda ya ɗauki jigon aure ko gulma ko neman na kai, a kan sawun da ya bari yake tafiya, ko ya sani ko bai sani ba. Amma idan ana maganar kuntigi kansa, to, sai a yi shiru. Yau da wuya ka samu saurayin da zai iya ɗaure fata a bakin gwangwani ya fitar da sauti, balle ya riƙe taro shi kaɗai na tsawon sa'a guda. Na'ura ta sauƙaƙa komai, ta kuma sa kiɗan kowa ya zama iri ɗaya.

Shi Ɗan Maraya ya yi sa'a, an ɗauki muryarsa, tana nan a kaset da wayoyin hannu da intanet. Waɗanda nake jin tsoro a kansu su ne namu na gida. A ƙauyukan ƙasar Tsanyawa an yi makaɗan gangar noma da suke tsayawa a bayan 'yan gayya, an yi masu gurmi da masu kukuma, an yi makaɗan mahauta da na maƙera, an yi tsofaffin mata masu waƙar niƙa da daɓe. Mafi yawansu sun tafi da abin da ke cikin kansu, ba wanda ya rubuta ko ya ɗauka. 'Yan ƙalilan da suka rage tsufa ya cim musu. Wayar da ke aljihun kowane ɗayanmu ta fi na'urar da aka ɗauki muryar Robert Johnson da ita inganci nesa ba kusa ba. Ina ba kwamitin ilimi da al'adu na wannan ƙungiya shawara ya sa ɗalibanmu da ke manyan makarantu su bi dattawan nan gida-gida a lokacin hutu, su ɗauki muryoyinsu da tarihinsu, a adana a ofishin ƙungiya. Aikin ba ya cin kuɗi mai yawa, lokaci ne kawai ba ya jira.

RASUWARSA

Alhaji Adamu Ɗan Maraya ya yi fama da rashin lafiya a ƙarshen rayuwarsa. Allah ya karɓi abinsa a garin Jos ranar Asabar, 20 ga watan Yuni, 2015, cikin kwanakin farko na watan azumin Ramadan, yana gab da cika shekara 70 a duniya. Rasuwar tasa ta zo ne shekara 16 da kwana biyu bayan ta Mamman Shata, wanda ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999. An yi jana'izarsa a Jos kamar yadda addinin Musulunci ya tanada, shugabanni suka aiko da saƙonnin ta'aziyya, gidajen rediyo na gida da na waje suka yini suna sako waƙoƙinsa.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya gafarta masa kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa, tare da iyayenmu da kakanninmu da suka riga mu. Idan tamu ta zo Allah ya sa mu cika da imani, amin.